Kaka Dillali da Azarar Zaurenmu

Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma, kuma Kaka ya riga mu. Ranar Talata da hantsi muka kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa. Ban zaci za a taru haka ba. Tsoho ne da ya daɗe ba ya fita kasuwa, ba shi da sarauta, bai bar garke ba. Amma kafin la'asar tabarmi sun kasa, sai da aka aro na masallaci. Har daga Damana mutane suka zo, wasu a kan jaki, wasu a ƙasa.

Ni ne mai karɓar gaisuwa tare da 'ya'yansa, don haka kusan duk abin da aka faɗa ya shiga kunnena. Wani attajirin unguwar kasuwa ya zauna, ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya ce, "Sau ukku tsohon nan shina ɓata mini ciniki. Sau ukku! Allah shi jiƙan shi." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, shi kuwa yana goge ido da bakin rawani. Wata tsohuwa ta aiko da ƙwaryar gero cikin gida, ta ce kada a tambaye ta dalili, shi mamacin ya sani. Wani dillali, wanda suka yi shekaru ba sa gaisawa da Kaka, ya zo ya zauna can gefe. Da zai tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Sana'armu ta yi sauƙi yanzu, ba mai kunyata mu. Amma ba ta yi daɗi ba."

Ni ban ce komai ba duk kwana ukun. Halina ne, in na so yin magana a cikin mutane sai in yi ta auna ta har a tashi. Daga baya abin ya dame ni. Na ga kowa ya faɗi nasa, ni da na fi kowa cin moriyarsa na yi shiru kamar baƙo. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Karatuna bai wuce na lakwal, makarantar bokon garinmu Filinge, ba, in an ga kuskure a yafe mini. Tsorona shi ne 'ya'yana su girma a gidan da muke ciki ba su san wanda ya sa har yau yake namu ba.

Ƙanen kakana ne na wajen uwa, saboda haka akwai wasa tsakaninmu. Matata yake kira amaryarsa, ni kuwa Kwami, wato akawu, domin ina aikin rubutu da awo a wani kanti. Bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba.

"Kwami, yau mi ad damuwa?"

"Babu komai, Kaka."

"Ƙarya. Ga ta nan bisa goshinka. In ba ka samu ba, zo in ara maka tawa, ka dawo mini da ita ran Lahadi."

Dillancin gidaje da filaye ne sana'arsa tun ina yaro. A ƙauyukan yankinmu na Kurfai ba a san sayar da gida ba, kowa yana zaune inda ubansa ya kafa. Amma a unguwar kasuwa akwai baƙi da 'yan tireda da masu sana'a, ana zuwa ana tafiya, soro yana sauya hannu. Wurin zamansa wata 'yar rumfa ce a bakin kasuwa, kusa da masu igiya. Kayan aikinsa sanda ɗaya ce. Da ita yake auna daɓe, da ita yake ƙwanƙwasa azara yana kasa kunne. In ta yi ƙara mai kauri ya ce lafiya lau. In ta yi kamar ganga ya ce gara ta riga mai saye shiga. A gaban mai gida yake faɗa, ko ransa zai ɓaci.

Abu biyu ne ba ya sakewa a kansu. Na farko, ba ya yanke ciniki sai an yi zagaye: mai gida ya shiga gaba, mai saye na biye, shaida na biye, a bi gidan lungu-lungu, mai gida ya nuna iyaka, ya nuna inda ruwa yake kwanciya da damina, ya nuna duk abin da ke binne a ƙasa. Na biyu, la'adarsa da ƙarfi yake faɗinta a gaban kowa kafin a sallama. Al'adar garin ita ce dillali ya karɓa daga hannu biyu, na mai saye da na mai sayarwa, gwargwadon tsadar gidan. Shi ma haka yake karɓa, kuma ba ya ragin ko tamma. Amma yakan ce, "La'adar da ba ka iya hwaɗin ta gaban mutane, ba la'ada ba ce. Nemi wani suna ka ba ta."

Kada a ɗauka mutum ne mai sanyi. Yana da faɗa, yana da son a ce shi ya fi sani. Ya taɓa ƙin yi wa matarsa magana kwana biyu saboda ta ce katangar maƙwabcinsu a miƙe take, shi kuwa ya ce ta karkace. Har ya kai sanda ya gwada. A miƙe take. Bai ba da haƙuri ba, sai dai ya sayo mata kifi busasshe ya ajiye a bakin ɗaki.

Sai shekarar nan ta zo, wadda damina ta yanke tun gero bai fid da kai ba. Waɗanda suka gani ba sa bukatar in bayyana musu. Kafin sanyi ya wuce rumbuna sun yi fayau, ga lanho, wato haraji, ba a ɗage shi ba. Maza suka fara fita, wasu Yamai, wasu har ƙasar Gwalkwas. Duk wanda yake da soro a unguwar kasuwa ya so ya mayar da shi kuɗin mota da na hatsi. Masu sayarwa suka yi yawa, masu saye ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Gidan da aka taya wannan Lahadin, ranar kasuwarmu, in Lahadi ta zagayo sai a taya shi ƙasa da haka.

Masu sayen da suka rage yawancinsu daga Yamai suke zuwa, kuma ba zama ya kawo su ba. Can ana ta gine-gine, ga masu gandun daji sun tsananta a kan saran giginya, azara ta yi tsada. Sai mutum ya sayi gida a Filinge da arha, ya kware rufin, ya cire ƙyamare, ya loda a mota, ya bar wa damina bangon. A lokacin ne wasu dillalai suka gano wata hanya. Tun da la'ada ta ragu tare da kuɗin gidaje, sai su karɓi goro a ɓoye daga mai saye, su je su tsorata mai gida: sallama yau, gobe ko rabin wannan ba za ka gani ba.

Kaka ya yi akasin haka, kuma bai yi shawara da kowa ba. Wata Lahadi ya tashi tsaye a rumfarsa ya ce, har Allah ya kawo sabon gero, ba zai karɓi la'ada daga hannun mai sayarwa ba, daga mai saye kaɗai. Dillalin nan da na ambata a zaman makoki ya taso masa a gaban mutane.

"Tsoho, kai ka ƙoshi, mu muna da ɗiya ƙanana. Al'adar da munka tarar kaka son kashewa?"

"Wa ya ce maka na ƙoshi? Zo ka duba tukunyata."

"To don mi?"

"Da, mai gida shina saidawa don ya ga riba, in ci tare da shi. Yanzu yunwa ce ka saidawa, ba shi ba. In karɓi la'ada hannun yunwa?"

"Wa'azi ke nan. Liman ya aiko ka?"

"Liman bai san kuɗɗin da anka sa maka aljihu jiya bayan runhwar mahauta ba. Ni na sani."

Da ƙyar aka raba su. Wannan ne mafarin gabar tasu. Ni ina wurin, kuma gaskiya ban ji daɗi ba. Na ga kamar Kaka ya wuce gona, tonon asiri a kasuwa ba abin kirki ba ne. Har yau ban tabbata ya kyauta a wannan ba.

Ba a jima ba abin ya iso kaina. Kanti ya rage ma'aikata, ni ina ciki. A gida akwai Inna, mahaifiyata, da matata, da 'ya'ya biyu. Gidan kuwa marigayi mahaifina ne ya gina shi da kuɗin ɗinki, ɗaki uku da babban zaure inda yake ajiye keken ɗinkinsa, rufin zauren duk azara ce mai kauri daga cikin kwarin dallol. Kullum da safe sai in leƙa rumbu in ƙirga dammunan da suka rage, in raba da bakunanmu, in sake ƙirgawa ko na yi kuskure. Lissafi bai taɓa kai mu damina ba. Kowace Lahadi kuma in ji yadda gidaje suke faɗuwa, sai in ga kamar ina riƙe da ƙwaryar ruwa mai yoyo. Na yanke shawara in sayar tun da sauran daraja, mu koma Yamai in nemi aiki. Na gaya wa Inna. Ta ce, "Kai ne namijin gida." Ba ta ƙara ba, ni kuma na ɗauki wannan a matsayin yarda, domin haka nake so ya zama.

Na sami Kaka a rumfa na faɗa masa. Bai yi wasan da ya saba ba.

"Uwarka ta sani?"

"Ta sani."

"Ta yarda?"

"Ba ta hana ba."

Ya daɗe yana zana ƙasa da sandarsa. Sannan ya ce, "To. Na ji. In an taya za ka ji."

Lahadi ta zo ta wuce, ban ji ba. Ta biyu ta wuce. Na je na tambaya, ya ce in ƙara haƙuri. A cikin kwanakin nan na rame fiye da yadda yunwa ta ramar da ni. Gidan da ke bayan namu aka sayar, na ji kuɗin, na kasa cin tuwo.

Ranar Litinin da safe sai ga shi ya yi sallama a zaure. Ya ƙi zama a kan buzu, ya tsaya.

"Kwami, na zo in gaya maka laihina. An taya gidanka tun Lahadin hwarko. Jika bakwai. Na riƙe maganar ban kawo maka ba. Jiya mutumin ya dawo, ya ce yanzu shidda."

Jika guda, a wannan shekara, abincin wata da watanni ne.

"Don me, Kaka?"

"Na yi zaton in ka kwana biyu hankalinka shi kwanta ka janye. Ba hurumina ba ne. Dillali ɗan aike ne, abin da anka ba shi shika kaiwa. Na riƙe, na yi ba daidai ba."

Abin da na faɗa masa ina jin kunyar rubuta shi, amma in na ɓoye na yi masa ƙarya a kabari. Na ce ya ci amanata. Na ce yana zagin wasu a kasuwa alhali shi ma ga abin da yake yi. Na ce da baƙo ne ya ba shi gida da bai yi masa haka ba, ni ya raina. Duk wannan ga ƙanen kakana, da murya sama, har matata ta leƙo. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Duk gaskiya ne, ban da rainin. In an yi cinikin, la'adar da mai saye za shi ba ni taka ce, a rage asara. Sauran kuma ina neman gahwara. Gobe da hantsi za mu zo zagaye."

Daga baya na ji daga bakin matarsa cewa a wannan watan anza suke ci, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. La'adar gidanmu ita ce mafi girma da za ta zo hannunsa tun farkon rani. Da ya kawo mini tayin ran da aka yi shi, da na sallama kafin ya rufe baki, da ya sayi buhun gero a ranar. Ban san wannan ba sa'ad da nake ɗaga masa murya.

Washegari suka zo su uku: Kaka, da mai unguwa a matsayin shaida, da mai sayen. Dattijo ne mai fara'a, Hausarsa da ɗan gauraye da Zabarmanci, ya gaishe ni da ladabi har na ji nauyi. Na shiga gaba. Na nuna iyakar gabas, na nuna inda katanga ta tsage, na nuna kwatar da ruwa yake bi. Kaka yana ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya. A ɗakin matata ya sami biyu da gara ta ci, ya faɗa. A zaure kuwa duk suka amsa da kyau, na ga idon mai sayen ya yi haske.

Muka iso bayan ɗakin Inna, inda wata kurna take. Na ce, "Shi ke nan, nan ne iyakar yamma."

Kaka ya ce, "Saura abin da ke ƙasa."

"Babu komai a ƙasa. Ba mu da rijiya, ba mu binne tulu ba."

"Ka tabbata?"

"Iyakar sanina."

"To a kira wadda ta hi ka sani."

Inna ta fito da mayafinta. Ta gaida baƙi daga nesa. Kaka ya ce, "Ɗiyata, zagaye muke. Akwai abin da mai saye ya kamata shi sani a nan?"

Ta taka a hankali zuwa gindin kurnar, ta nuna da ƙafa. "Nan akwai biyu. Wannan namiji, kwanansa tara. Wannan mace, ba ta kai suna ba. Yayyensa ne." Ta nuna ni da haɓa. Sannan ta juya ga mai sayen. "Malam, in za ku haƙa ƙasar gini, don Allah ku ɗiba daga can. Ku bar nan. Ba su da yawa."

Na san an haifi wasu kafin ni ba su zauna ba. Ban taɓa tambayar inda aka sa su ba. Shekara ashirin da tara ina wucewa ta wurin, na sha ɗaure akuya a jikin kurnar.

Mai sayen ya sunkuyar da kai. Kaka ya ce masa, "Uwar gida ta yi roƙo. Hwaɗa mata gaskiya: zama za ka yi, ko mi?"

"Wallahi Baba, ba zan zauna ba. Itacen nake so da ƙyamare. In na kwashe, filin sai in bar wa wanda ya taya. Abin da zai yi da shi, ban iya ɗaukar alkawari ba."

Inna ta ce, "To, Allah ya sa albarka," ta koma ɗaki. Ba ta dube ni ba.

Muka dawo zaure muka zauna. Kaka ya dogara sandarsa, ya yi magana da irin muryar da yake yi a kasuwa, ta yadda har na cikin gida za su ji.

"Mai unguwa, kai ne shaida. Ciniki biyu ne a gabanmu. Na ɗaya, gida duka, jika shidda. Na biyu ban taɓa yin irinsa ba, yanzu ya zo mini: tun da itace mutumin ga ya zo nema, a saida mishi azarar zauren ga da ƙyauren, a bar wa masu gida gidansu. Malam, nawa ka taya?"

Mutumin ya ɗaga kai ya ƙirga, ya ce jika uku. Kaka ya ce albarka a madadina, ya tashi ya ƙwanƙwasa masa guda huɗu ya sake ji. Suka ja, suka ja, aka tsaya a uku da rabi.

Sannan Kaka ya juyo gare ni. "Kwami, saurara da kyau, kai mai lissahi ne. Ukku da rabi ba su kai ka Yamai da iyali ka kama haya. Za su kai ku sabon gero in kun tsuke, in kuma Allah ya ba da ruwa. In bai ba da ba, ka ci zaurenka, kuma gida marar zaure ya ƙara hwaɗuwa. Ban san gaibu ba, kada gobe ka ce na ce maka damina za ta yi kyau. La'ada kuma, in ka sallama gidan duka ta kusa ninka ta azara. Na riga na ce taka ce, amma ka sani, don kada ka yi zaton ina tura ka inda ni ka samu. Gidanka ne. Yi magana."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Duk abin da na ƙirga cikin wata biyu yana cewa in karɓi shida in gudu. Daga cikin gida ina jin Inna tana kiran kaji, muryarta daidai kamar kullum, kamar ba abin da ake yi a zaure. Na ce, "Na sallama azarar."

Mai sayen ya ba Kaka la'adarsa a gaban mai unguwa. Kaka ya ƙirga, ya miƙo mini. Na ce ba zan karɓa ba, tun da ba a sayar da gidan ba babu asarar da za ta cike. Ya ce alkawari ya yi. Muka yi ta turawa juna, har mai unguwa ya gaji ya ce, "Ku raba biyu, ina da wurin zuwa." Haka aka yi.

Kwana uku bayan haka aka kware zauren mahaifina. Na tsaya ina kallo ana jefo azara ƙasa, ƙura tana tashi, rana ta faɗo a wurin da kekensa yake zama. Kaka ya zo da zana biyu a kan jaki daga gidansa, muka rufa abin da ya rufu. Yana ɗaure igiya yana cewa, "Amaryata, kin ga mijin da kika zaɓa, ko ruhi ba shi da shi. Har yanzu ƙohwata buɗe take."

Mun sha wuya, kada in rage. Kuɗin sun ƙare saura kwana goma sha wani abu a fara yankan gero, muka rufe da ganye da abin da maƙwabta suka miƙo. Kowane hadari ya taso sai in fita in duba bangon zaure, in ga kamar yau zai zube. Amma ruwa ya zo a shekarar, gero ya yi. Waɗanda suka tafi suka fara dawowa, wasunsu suka tarar da kangon gidajensu a hannun wasu, suna neman ɗakin haya a unguwar da aka haife su. In na gamu da su a kasuwa sai in rasa inda zan sa idona.

Na taɓa tambayarsa, domin abin ya daɗe yana cina, ko da gangan ya sa aka kira Inna don ya karya mini zuciya. Ya harare ni. "Kowane gida haka nika yi, ka tambayi mai unguwa. Mai saye na da hakkin sanin abin da za shi taka. Kai ne dai ba ka taɓa zama ka tambayi uwarka komi ba." Na yarda da shi, ko da yake wani lokaci nakan ce a raina ya san abin da zagayen zai yi mini. In ma ya sani, bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba a ranar, kuma bai ɓoye mini ƙofar fita ba. Riƙe tayin nan kuwa, bai taɓa yarda a wanke shi ba. Ko na ce ai alheri ya zama, sai ya ce, "Allah ne ya gyara. Kada ka koya wa ɗiyanka cewa daidai na yi."

Inna ta ƙara shekara huɗu. A ɗakinta ta cika, ƙofa a buɗe, tana ganin kurnar daga shimfiɗarta.

Bayan kanti ya mayar da ni aiki na tara abin da na tara, na ce zan mayar wa zaure rufinsa. Azara ta yi tsadar da ban zata ba. Na je wurin Kaka, lokacin ƙafa ta fara gaza masa, ya sa aka ɗora shi a jaki ya kai ni wurin wani mai itace, ya ƙwanƙwasa guda talatin kafin ya zaɓar mini abin da nake bukata. Kusan ninki biyu na abin da na sayar na biya. Da aka gama na yi godiya, na kama hanya. Sai na ji sanda ta taɓa mini ƙafa.

"Kwami, ina za ka? La'adata."

Na yi dariya, na zaci wasa ne.

"Ba wasa. Yau kai ne mai saye, kana da albashi, rumbunka cike. Yunwa ta wuce, al'ada ta dawo."

Na zuba masa a tafin hannu. Ya ƙirga a hankali a gaban mai itacen, ya sake ƙirgawa, ya ɗago kai.

"Saura tamma biyu."

Na laluba aljihu na cika masa. Ya ɗaure a bakin riga, ya ce, "Madalla. Yanzu je ka nemi wata damuwar, wagga ta ƙare."

A ƙarƙashin wannan rufin nake zaune ina rubutu, yara suna ta shige da fice suna hana ni. Ya Allah, bawanka ya auna wa mutane da gaskiya a shekarar da gaskiya take hana cin abinci. Ka auna masa da rahamarka. Ka yafe masa abin da ya riƙe, ka yafe mini abin da na faɗa masa. Ka yalwata masa makwanci, ka ba shi gida inda ba a tashin kowa. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya ce amin.